Yadda za ka shigo da sabon tsari a kilinik ma'aikata su karɓa da zuciya ɗaya

Tun watan Satumba na 2024, lokacin da gwamnatin Nijar ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, duk mai kilinik ko ɗakin shan magani mai zaman kansa a Tahoua ya san lissafi ya canza. Mara lafiyar da a da yake zuwa wurinka don gudun layin babban asibiti, yanzu sai ya taɓa aljihunsa sau biyu kafin ya shigo. Abin da zai riƙe shi a wurinka bai wuce tarba mai kyau ba, da rashin ɓata masa lokaci, da lissafin kuɗi wanda babu rufa-rufa a cikinsa. Shi ya sa masu kilinik da yawa ke son gyara: a mayar da karɓar kuɗi wuri guda, a sa kwamfuta a madadin manyan rajistoci, a sake jadawalin aikin kwana.

Sayen kwamfuta aikin yini guda ne. Wahalar tana ga mutanen da za su zauna gabanta. Ka tara ma'aikata ka yi bayani, kowa ya ce "To Dokta, Allah shi sa alheri." Bayan sati biyu ka ja aljihun tebur, ka tarar da tsohuwar rajista ana ta cika ta, kwamfuta kuwa an lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Mu mutane ne da ke jin nauyin ce wa babba a'a a gaban idonsa, don haka ƙin namu a aikace yake fitowa. Kuma kusan kullum akwai dalili: sabon tsarin ya karɓe wa wani wani abu, ba wanda ya kira abin da sunansa, balle a daidaita. Matakan da ke ƙasa duk a kan haka suka ginu. Zan riƙa misali da kes (wurin biyan kuɗi) guda da kwamfuta, amma ko wane irin canji ne hanyar ɗaya ce.

Mataki na farko: rubuta shi a takarda guda

Kafin ka yi wa kowa magana, zauna ka rubuta abu uku: me zai canza, me ba zai canza ba, kuma me ya sa. In ya wuce shafi guda, kai ma ba ka gama fahimtarsa ba. Dalilin kuma ya zama wanda ma'aikacin jinya zai iya gani da idonsa. "Muna son zamanantar da aiki" ba dalili ba ne. "Mai ciwon suga ya dawo bayan wata uku, an rasa takardunsa, an sake masa gwajin da ya riga ya biya" shi ne dalili.

Kuma canji ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ka haɗa kes da jadawalin kwana da sabon tsarin magani a wata guda.

Mataki na biyu: bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ka nemo abin da kowa zai rasa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Ɗauki jerin sunayen ma'aikatanka tun daga likita har mai gadi. A gaban kowane suna ka rubuta amsar tambaya guda: ranar da tsarin nan ya fara aiki, me wannan mutum zai rasa?

Wani kuɗi zai rasa. Mu faɗi gaskiya, a wuraren da kowane ɗaki ke karɓar kuɗinsa, akwai ɗan abin da ke maƙalewa a hannu: kuɗin allurar da ba a rubuta ba, maganin da aka sayar daga jaka, na goro da mai gadi ke samu in ya shigar da wani gaba da layi. Ba halal ba ne, kuma dole a rufe wannan ƙofa. Amma kafin ka rufe, dubi naka ɓangaren. Albashi yana fita a ƙarshen wata ko sai an shiga sha biyar ga wata mai zuwa? Ka yi wa mutanenka rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, kana zuba musu? Wanda ya kwana yana tsaye a kan mai naƙuda, akwai kuɗin kwanansa? In kana bin mutum da kes mai tsauri alhali kai kana riƙe da haƙƙinsa, ba zai ga gyara ba, zalunci zai gani, kuma yana da gaskiya. Abin da ya fi shi ne ka ɗaure abu biyun tare, ka faɗa a fili: daga ranar da kes ta zama guda, albashi zai riƙa fita ranar kaza, kuɗin kwana zai zama jaka kaza. Sai ka cika.

Wani girma zai rasa. Ungozomar da ta yi shekara ashirin tana karɓar haihuwa, wadda matan unguwa ke kiran sunanta tun daga bakin ƙofa, rajistar nan ita ce mulkinta. Ita ta san wa ya zo, yaushe, da me. Gobe sai yarinyar da ta gama makarantar lafiya bara ta tsaya a kanta tana cewa "Hajiya, ba nan ake dannawa ba." Wannan ciwo ya fi na kuɗi zafi, kuma ba za ta taɓa faɗa maka ba. Cewa za ta yi injin ba shi da kyau, ko yana ɓata lokaci.

Wani lokaci zai rasa. Ma'aikatan jinya da dama suna da wani aikin da safe, su zo wurinka da marece. Sabon jadawali na iya rushe musu duka biyun. Mai goyo tana da wanda take bar wa yaro a ranakun da ta saba. Wanda gidansa ke bayan gari yana lissafin kuɗin kabu-kabu in an ce ya tashi ƙarfe goma na dare.

Wani kuma tsoro ne kawai: in inji ya iya lissafi, ni mai riƙe da littafin kuɗi ina makomata? Wannan tambaya tana cikin zuciyar mutum ko bai furta ba.

In ka gama cika takardar nan za ka ga wa zai goyi baya, wa zai yi shiru, wa zai ja da baya, kuma za ka ga yawancin masu ja da bayan ba mugayen mutane ba ne. Sau da yawa ma su ne ginshiƙan gidan.

Mataki na uku: manya su ji daga bakinka, a keɓe, kafin kowa

Majo (shugaban ma'aikatan jinya), babbar ungozoma, mai kula da labo, da duk wani dattijo da ake jin maganarsa ko ba shi da muƙami. Kada ɗayansu ya ji labarin a taro tare da ƴan sitaj (ɗalibai masu koyon aiki). Je ka same su a ɗakinsu, kada ka aika a kira su ofis. Bayan gaisuwa ka ce wani abu kamar haka: "Majo, akwai abin da nake so mu yi, amma ban yanke yadda za a yi ba sai na ji naka. Kai ka san gidan nan fiye da ni da dare. Ina kake ganin zai karye?" Sannan ka yi shiru. Shirun zai yi tsawo, ka jure.

Ga ungozoma, nemi ta riƙe wani abu a sabon tsarin. Misali ita za ta faɗi abin da dole ya kasance a shafin awon ciki, kuma ita za ta riƙa duba abin da yara suka shigar a ƙarshen sati. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan ba daɗin baki ba ne: ita ta san tambayar da in ba a yi wa mai ciki ba za a yi da-na-sani.

In canjin ya taɓa awoyin aiki ko albashi, ya shiga hurumin dokar aiki ta 2012, wadda ta sa awa 40 a sati a matsayin ƙa'ida. Abin da ke cikin kwantaragin mutum ba a sake shi da baki. A rubuta, ya karanta, ya sa hannu. In kuna da wakilin ma'aikata, a zauna da shi tun farko, in kuma akwai abin da ya shige maka duhu, tambayi ofishin sufeton aiki kafin ka zartar, ba bayan an kai ƙararka ba.

Mataki na huɗu: zaɓi lokaci

Kada ka fara komai daga Agusta zuwa Oktoba. Lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, gadaje cike, yara a kan tabarmi ana musu ƙarin ruwa, ma'aikaci ba shi da minti biyu na neman harafi. Watannin Maris zuwa Mayu ma ba su dace ba: zafi ya wuce digiri 40, wuta na yawan ɗaukewa, ga fargabar sanƙarau. Azumi ka bar mutane da ibadarsu. Abin da ya rage mai kyau shi ne Nuwamba zuwa Janairu, an gama girbi, sanyi ya shigo, layi ya ragu, in dai azumi bai faɗo ciki ba.

A cikin sati kuma, ka guji Lahadi, ranar babbar kasuwar Tahoua da mutanen ƙauyuka ke haɗa cefane da ganin likita, ka guji Litinin. Talata ko Laraba ta fi. Ka kauce wa ƙarshen wata da ake haɗa rahoton da za a kai wa hukumar lafiya ta gunduma.

Mataki na biyar: taron gaba ɗaya

Takardar sanarwa da Faransanci a manne a bango ba sanarwa ba ce. Mai shara da mai gadi ba su karanta ta ba, kuma su ne mutum na farko da mara lafiya ke tambaya. A yi taro da Hausa, a yi shi sau biyu don masu aikin kwana su ji da kunnensu, ba a bakin wani ba. Minti talatin ya isa.

Fara da dalili, sannan abin da ba zai canza ba. Maganar kora ka taɓa ta da kanka kafin a tambaya. In ba wanda zai rasa aikinsa, ka faɗa ƙarara. In akwai wanda aikinsa zai sake kama, ka riga ka gan shi a keɓe. Kada ka yi alkawarin da ba ka da tabbacin cikawa don kawai taro ya tashi lafiya. Alkawari guda da ya karye zai cinye duk sauran maganarka.

Raba abin da aka yanke da abin da ke buɗe. "Kuɗi wuri guda za a biya, wannan an gama. Amma wa zai riƙe kes da dare, ina za a sa teburin, yaya za a yi da wanda ya zo ba kuɗi, wannan naku ne mu tsara tare." Mutane na jure hukunci in sun san iyakarsa. Abin da ba su yafewa shi ne a nemi shawararsu a kan abin da aka riga aka ƙulle.

Kuma kada ka rufe da "akwai mai tambaya?", ba wanda zai ɗaga hannu. Ka kira hali takamaimai: "Malama, a ce daren Asabar ne, ƙarfe biyu, wuta ta ɗauke, an kawo yaro yana sanƙarewa. Da wannan tsari, mi za ki yi?" Nan za ka ji gaskiya. Rubuta duk abin da aka faɗa a gabansu.

Mataki na shida: gwaji a ɗaki guda, kuma a bar su su gyara

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar bincike ta ɗakin tiyata, abubuwa 19 da ake tabbatarwa kafin a sa wa mutum maganin barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da shi. A gwajin da aka yi a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, mace-macen bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Daga baya lardin Ontario na Kanada ya wajabta irin wannan takarda, aka bi asibitoci 101, sakamakon da ya fito a 2014 bai nuna wani raguwa na a-zo-a-gani ba. Takarda iri ɗaya ce. A wurin farko an koyar da mutane, an daidaita ta da yadda suke aiki, ana bibiya. A wuri na biyu umarni ne ya sauko daga sama, kuma cika akwatuna a takarda ba shi ne tsayawa a tambayi juna ba. Duk mai shirin canza wani abu a gidan jinya ya kamata ya riƙe wannan.

Don haka fara da wuri guda, kamar wurin tarba da kes, na sati uku ko huɗu. Zaɓi mutum biyu su ja gaba: ɗaya mai saurin hannu, ɗaya mai shakka wanda ake girmamawa. In mai shakkar ya ce abin yana tafiya, maganarsa ta fi taka tasiri sau goma. Duk gyaran da suka kawo mai ma'ana, a yi shi, a kuma faɗi sunan wanda ya kawo.

Mataki na bakwai: koyarwa, da shirin ranar da abu ya tsaya

Koyarwa a cikin awoyin aiki ake yin ta. In ka ce mutum ya dawo ranar hutunsa, ka biya shi. Manya a koya musu su kaɗai, ƙofa a rufe, wanda zai koya musu ya zama mai haƙuri da ladabi. Ba wanda ke son ya yi ta laluben harafi ƙannensa na kallo. Kowane tebur a manna masa takarda guda mai matakai biyar ko shida da manyan haruffa. A satin farko aiki zai yi nauyi, abin da ake yi a minti uku zai ci takwas. Ka faɗa musu haka tun kafin ya faru, ka ƙara mutum guda a wurin tarba, don kada su ɗauka su ne suka kasa.

Wuta za ta ɗauke, intanet zai yanke, wannan ba a tambaya. A buga takardu masu layuka iri ɗaya da na kwamfuta a ajiye a kowane ɗaki, da littafin rasidi na hannu mai lamba a jere. A san wa zai shigar da su in wuta ta dawo, kuma cikin awa nawa. In babu wannan shiri, ɗaukewar wuta ta farko ita za ta dawo da tsohuwar rajista, kuma ba za ta sake fita ba.

Tafiyar da tsoho da sabo tare aiki biyu ne, kada ya wuce sati biyu. Sa rana, ka sanar, in ta zo a tattara rajistocin a kai ma'ajiya a kulle. Ba a zubar da su, bayanan marasa lafiya amana ne. Kowa kuma ya sami lambar sirrinsa shi kaɗai, kada a yi ta aro.

Mataki na takwas: doka ta fara hawa kanka

Ranar da ƙanin matarka ko wani babban mutum ya zo ka ce "ku shigar da shi, a bar maganar kes", ranar ka kashe tsarin da hannunka, kuma kafin la'asar kowa ya ji. A garin da kowa ɗan uwan kowa ne ba za ka daina alfarma ba, kuma ban ce ka daina ba. Amma ka yi mata hanya: takardar yafewa mai sa hannunka, ta bi ta kes kamar kowa, a rubuta. Ma'aikata ma a yanke musu nasu a fili, misali ragin kaza ga mata ko miji da ƴaƴa da iyaye, don kada kowa ya riƙa yi a ɓoye.

Akwai kuma ƙin da ke fitowa daga imani, wanda ya kamata ka yi murna da shi. Malamar jinya za ta ce: "Dokta, mace ta zo tana zubar da jini, in ce mijinta ya tahi kes tukuna?" Amsa a'a ce, kuma a rubuta ta a cikin tsarin da manyan baƙaƙe: gaggawa a fara ceto, lissafi ya biyo baya, kuma ba ma'aikacin da za a cire wa albashi don ya ceci rai kafin a biya. In ba ka faɗi wannan ba, mutanen kirkin cikinsu ne za su fara karya maka doka.

Su ma marasa lafiya a sanar da su. Allo a bakin ƙofa da farashi, mai gadi ya san abin da zai ce, in ana karɓar kuɗi ta waya kamar Airtel Money ko MyNita a rubuta lambar kilinik, ba ta wani ma'aikaci ba. In ba haka ba, duk faɗan a kan mai kes zai sauka, ita kuma ta tsani tsarin.

Mataki na tara: bibiya, da wanda ya ƙi

A watan farko, kullum a lokacin miƙa aiki tsakanin masu kwana da masu safe, tsaya minti goma ka yi tambaya biyu: me ya tafi daidai jiya, me ya tsaya? Daga abin da aka faɗa ka gyara ko guda ɗaya kafin sati ya ƙare, ko da sauya wurin tebur ne ko sayen fitila mai caji. Kuskuren shigar da bayani a wannan wata ba a hukunta shi, gyarawa ake yi. In ka yi tsawa sau ɗaya za a koma ɓoyewa. Zaɓi alƙaluma biyu ko uku ka riƙa rubutawa a allo duk sati: tsawon jira, takardun da aka nema aka rasa, bambancin kuɗin kes da rasidai. Gani ya kori ji. In kuɗin shiga ya ƙaru, su gani a jikinsu, ko da ɗan ƙari ne a ƙarshen wata uku.

Bayan wata guda za a sami mutum ɗaya ko biyu da har yanzu ba su bi ba. Kafin ka yanke hukunci ka gano wane ne cikin uku: bai iya ba, yana tsoro, ko ya ƙi. Na farko a ƙara masa koyarwa, a duba ko ma tabarau yake buƙata. Na biyu a zauna da shi. Na uku, wanda ya iya, an saurare shi, an biya masa haƙƙinsa, amma yana ci gaba da karɓar kuɗi a ɗaki ko yana zuga wasu, a bi da shi mataki-mataki: magana a keɓe tare da Majo, sannan takardar neman bayani, sannan gargaɗi a rubuce, kamar yadda doka da ƙa'idar gidan suka tanada. Kada ka kunyata shi a gaban jama'a, kada kuma ka kau da kai, don waɗanda suka wahala suka koya suna kallon abin da za ka yi.

In an cika wata uku, sake zama da Majo da masu ja gaba ku karanta takardar nan ta mataki na biyu suna bayan suna, ku ga wace asara aka daidaita, wace ce ta rage. Sannan a rubuta tsarin yadda ya zama bayan gyare-gyare, a sa kwanan wata, a ba duk sabon ma'aikaci da ɗan sitaj a ranarsa ta farko. Canji na gaba, ko jadawalin kwana ne ko tsarin magani, ya jira sai wannan ya ratsa damina guda yana aiki.